Layar da Ta Zo Daga Isa

Litinin, bayan azahar

Yau ma babu sabis. Na ce wa kaina na daina ɗaga waya sama, amma na lura hannuna bai ji ba.

Na manna dokokin gasar a bangon ɗakin kwamfuta, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Gasar haɗa manhaja ce ta ɗaliban sakandare, yara na ce mata hakaton. Wata ƙungiyar matasa a Sakkwato ce ta shirya. Tawaga ɗaya za a ɗauka daga yankinmu, a kai ta Sakkwato horo na shekara guda, da wurin kwana da abinci. A yankin kuwa makarantu biyu kaɗai suka yi rajista: tamu nan Sabon Birni, da wata a Isa, inda Malama Saudatu ke kula da yaranta.

Ni ne mai sa ido a kan tawagarmu. Ba don na fi kowa ba. Ni ke riƙe da makullin ɗakin, ni ke goge faifan sola, ni ke nuna wa 'yan aji ɗaya inda haruffa suke. Takardar sakandare kawai gare ni, kuma na rubuta haka a rajista don kada wani ya ce na ɓoye. Na kuma rubuta cewa shugabar tawagar, Bara'atu, ɗiyar yayana ce. Sauran biyun su ne Hafizullahi da Sadiƙa.

Shugaban makaranta ya kira ni ofis. Ya ce, "Lawwali, gasar intanet a garin da ko gaisuwa ba ta fita ta waya? Janye yaran nan ka huta." Na ce masa na ji. Jin kawai na yi. Ba za ni janye ba.

Batun Yaya Halliru, mahaifin Bara'atu, da ba mu ji ɗuriyarsa ba tun da damina ta yi nisa, ba za ni rubuta shi a nan ba.

Talata, da hantsi

Na sa su karanta dokokin da ƙarfi. Suna da yawa, amma uku na ce su haddace. Ba wanda zai sa hannu ko baki a aikin sai su ukun. Ba tawagar da za ta ga aikin wata, kuma mai sa ido ba zai riƙe aikin tawagar da ba tasa ba. Sannan duk aikin da bai shiga ba kafin faɗuwar rana ranar Lahadi, bai shiga ba ke nan.

Hafizullahi ya ɗaga hannu. "Malam, in aljani ya taimake mu fa? Shi ma dokar ta hau kansa?"

Sadiƙa ta ce, "Aljanin da ba shi da data? Bar shi ya zo, mu gani."

Bara'atu ba ta yi dariya ba. Ta daɗe ba ta yi ba. Ta tambaye ni ko gaskiya ne akwai ɗakin kwana a Sakkwato, da ƙofa mai rufuwa ta ciki. Na ce haka aka rubuta. Ta ce, "To, Baffa, mu za mu ci."

Laraba, bayan la'asar

Geron gonarmu ta Gatawa ya nuna. Ba wanda ya je girbi, don tsoron 'yan bindiga.

Ruƙayyatu, matar Yaya, ta sake wanke farar rigarsa. Rigar ba ta yi dauɗa ba.

Alhamis, bayan magariba

Yau aka saki taken gasar, don haka na je tudu.

Can arewa da gari, wajen bakin iyaka, akwai wani tudu inda layin Nijar ke kamawa. Usmanu ne ya ɗauke ni a bayan motarsa, a kan buhunan albasa. Shi ɗan kasuwa ne, yana kai kaya Nijar yana dawowa da dabino da taliya, yana kuma zagayawa ta Isa idan hanya ta yarda. Yana da layin can, ya ce in ɗauke shi kamar nawa.

Ban taɓa ganin kasuwa irin wannan ba. Mutane cike, kowa hannu a sama, ba mai sayen komai sai magana. Wani mutumin tsallake ya kafa laima yana sayar da kati, yana ta kira, "Rezo ya zo! Rezo ya tahi! Ku matsa gabas!" Rezo shi ne sabis a bakinsu. Duk jama'a sai su matsa gabas kamar tumaki.

Taken shi ne: a haɗa abin da zai amfani mutanen garinku. Na kira Injiniya Abdulrazak, shugaban kwamitin gasar, na faɗa masa halin da muke ciki. Mutum ne mai ladabi. Ya yarda ni in ɗora aikin yarana da layin Nijar, tunda ba za a kawo yara tudu ba. Ƙarin lokaci kuwa ya ce babu. "Malam, doka ɗaya ce ga kowa. In na ƙara muku, me zan ce wa sauran?"

Na ce, "Su Isa fa?"

Ya ce an aika musu taken ta hannun wani direba, amma ba su ji komai daga gare su ba.

Za ni rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa: na ji daɗi. Kaɗan, amma na ji. Na yi istigfari a kan albasa har muka shigo gari.

A tudun, kafin in mayar wa Usmanu wayarsa, na kira lambar Yaya. Abin da na ji shi ne abin da na saba ji.

Juma'a, bayan sallar Juma'a

Sun zaɓi abin da za su yi: manhajar da ke tuna wa tsofaffi shan magani da murya, da Hausa, ba sai da sabis ba. Bara'atu ce ta ɗauki muryar. Suka kai wa Inna, mahaifiyarmu, waya ta gwada. Wayar ta ce, "Inna, lokacin maganin hawan jini ya yi."

Inna ta duba ko'ina. "Wace ja'ira ce wagga da ka ba ni umarni cikin gidana?"

"Ni ce, Inna."

"Ke da ko shan ruwa sai an bi ki? Ki ce mata ta gaishe ni tukuna."

Suka ƙara gaisuwa a farko.

Da suka dawo ɗakin kwamfuta na tsaya bayansu, kamar yadda aikina yake. Ni ba gwani ba ne, amma shekarun da na yi a ɗakin nan sun sa ina ɗan gane rubutun. Na ga wani sashe sun rubuta shi sau biyu, iri ɗaya, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Kuskure ne, na tabbata. Alƙalai za su gani. Kalma ɗaya za ni faɗa, ko in yi tari in nuna da haɓa.

Na fita na hau tsani na goge faifan sola. Na goge shi da safe. Na sake gogewa.

Ko wauta nake yi? Wa zai sani? Waɗanda suka rubuta dokar suna zaune ƙarƙashin fanka. Amma in na yi tarin nan, duk ranar da Bara'atu ta ce "mu munka yi," ni za ni san ba haka ba ne, kuma ita ma wata rana za ta sani.

Asabar, da safe

An kwana da takalma a ƙafa. Ba abin da ya iso gari. Yara sun zo aiki, har Sadiƙa, idonta jawur.

Asabar, bayan la'asar

Usmanu ya dawo daga Isa. Ya same ni a ƙofar makaranta, ya ciro laya daga wuyansa ya sa mini a hannu. Sabuwa ce, jar fata, ɗinki ƙanana a jere.

Na ce, "Ni ban yi odar laya ba."

Ya ce, "Ba ayar tsari ce ciki ba. Memori ne. Aikin yaran Isa. Sun ƙare da wuri don su riske ni. Malama Saudatu ta kai wa baduku ya ɗinke, don a hanya ba mai ƙwace laya, waya ake ƙwacewa. Lambar tawagarsu tana rubuce a cikin fatar. Ta ce in ce maka, hanyarsu ta tudu ta rufe, ita ba ta iya zuwa. Ta ce ta san dokar. Ta ce ba roƙonka take ba, amana ce dai ta aiko."

Na ce, "Kai mi ya hana ka ɗora musu?"

Ya yi dariya. "Ni da sai an karanta mini saƙo? Malam, albasa na sani."

Ya tafi ya bar ni da ita.

Asabar, bayan magariba

Ban ɓoye wa Bara'atu ba. A tsakar gida na faɗa, uwarta na tankaɗe.

Ta ce, "Baffa, in ba su ɗora ba, mu kaɗai ne a yankin."

"Na sani."

"To aje ta cikin aljihu har Litinin. Ba ka yi sata ba, ba ka yi ƙarya ba. Doka ma ta hana ka riƙe ta. Kai ka sa munka haddace."

Yarinyar nan ta kama ni da igiyata. Gaskiya ta faɗa: in na bi doka, ita ta ci. In na karya, wataƙila a kore mu duka.

Na ce, "An rubuta dokar ne don kada wani ya cuci wani. In na fake da ita na zauna a kan aikin yara uku, mi na yi?"

"Ni fa? Ni ba yarinya ba ce?"

Ruƙayyatu ta ajiye rariya. Ta ce, "Da yayanka na nan..." Ba ta ƙarasa ba. Ban san ko wane gefe take nufi ba. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Lahadi, bayan asuba

Layar tana wuyana. Ta fi yadda take nauyi.

Lahadi, bayan magariba

Na yi.

Namu na fara ɗorawa. A nan kam ban yi wa kowa kara ba. Rezo na zuwa yana tafiya, na bi jama'a gabas, na bi su yamma, har ya shiga.

Sannan na kira Usmanu da mai laima, na ce su duba ɗinkin, su shaida ba a taɓa shi ba. Suka duba. Na ari reza na farke a gabansu.

Mai laima da ya gane zancen ya ja ni gefe. "Malam, ga wani layi nan, sabo fil. Ɗora da shi, ka sa sunan malamar. Wa za shi sani? Kowa ya huta."

Na tsaya da layin a tafin hannuna, ban san iya lokacin da na ɗauka ba. A shafin ɗorawa akwai wurin da aka ce a rubuta sunan wanda ya ɗora. In na sa sunan Malama Saudatu, na jingina mata ƙarya ba da saninta ba, kuma ranar da abin ya fito yaranta za a tsige. Na mayar masa da layinsa. Na rubuta sunana. A ƙasa na ƙara da cewa: an yanke mana sabis, an rufe musu hanya, aikin ya zo mini a ɗinke, ban buɗe shi ba, ni na ɗora, kuma na san doka ta hana.

Dokar da ba ta san halin da muke ciki ba, gara ta ji daga bakina.

Sunan aikin kawai na gani yana wucewa: Ɗan Aike. Rana na gab da faɗuwa ya shiga.

Sai a mota na tuna ban ɗauki hoton ɗinkin ba kafin in farke. Waya ɗaya ce, kuma hankalina na kan rana. Ni da nake ganin kaina mai tsari.

Litinin, da hantsi

Na faɗa wa yaran uku komai. Hafizullahi ya ce, "Malam, ka yi ta maza," amma yana kallon ƙasa. Sadiƙa ta yi kuka kaɗan.

Bara'atu ta ce, "Ɗora musun na haƙura da shi tun jiya. Amma mi ya sa sai ka rubuta? An ba ka layi, ka ƙi. Kai dai sunanka ya fita tas, ko mu mu ƙone."

Ban tabbata ƙarya ta yi mini ba.

Talata, bayan azahar

Bara'atu ba ta gaishe ni ba. Ta aiko ƙanenta da kunun.

Laraba, bayan la'asar

Shugaban makaranta ya ji. Ya ce in rubuta wa kwamiti cewa ruɗewa na yi, tsoron hanya ya taɓa ni, in nemi afuwa, wataƙila su bar yaranmu su cire na Isa. Ya ce, "Ka ceci naka, Lawwali. Saudatu za ta gane."

Ba ruɗewa na yi ba. Ba za ni rubuta ba.

Firamaren unguwarmu ta ƙara cika da mutanen ƙauye masu gudun hijira. Na duba fuskoki a kan hanyata ta gida. Kullum ina dubawa.

Alhamis, bayan magariba

Tudu. Saƙo ya shigo: an dakatar da tawagogin biyu har sai an yi bincike. Za su saurare ni ta waya ranar Talata, ni da shugabar tawagata.

Duka biyun. Abin da na ji tsoro ke nan. Na kashe nawa, ban raya nasu ba.

Juma'a, da safe

In da na bar layar a aljihu, da yanzu Ruƙayyatu na ɗinka wa Bara'atu jakar tafiya Sakkwato.

Juma'a, bayan la'asar

A'a. Na sake karanta abin da na rubuta da safe. Ban goge ba, amma ban yarda da shi ba. Yara uku a Isa sun zauna cikin irin tsoron da muke ciki, sun yi aiki, sun ƙare kafin lokaci. Ba ni na rufe musu hanya ba, kuma ba za ni zama ƙofa ta biyu ba.

Lahadi, bayan azahar

Inna ta sha magani a kan lokaci kwana da kwanaki. Tana amsa wa wayar gaisuwa, har tana tambayarta mutanen gida.

Talata, bayan magariba

Ruƙayyatu ta ƙi yarda Bara'atu ta je tudu, sai da Inna ta ce, "Bar ta. Wanda ya zauna gida ma ba alkawari anka yi mashi ba." Muka tafi cikin ayarin mata masu zuwa kiran 'yan uwa. Duk hanya tana can cikin matan, nesa da ni.

Su uku ne a ɗaya gefen: Injiniya Abdulrazak, da wata mata, da wani mai muryar gaggawa. Na sa wayar a fili don Bara'atu ta ji. Rabin tudun ma ya ji.

Mai gaggawa ya ce, "Ka san dokar?"

"Na sani. Ni na manna ta a bango."

"Kana da hujjar cewa ba ka buɗe aikin ba? Hoto? Bidiyo?"

"Babu. Ina da mutum biyu da suka ga ɗinki."

Usmanu ya karkato. "Ranka shi daɗe, ni na ɗauko ta daga Isa a wuyana, na biyo ta inda ko kai ba ka biyowa." Mai laima ma ya yi rantsuwa, rabi da Hausa rabi da Faransanci. Sai rezo ya tafi. Muka ruga gabas, ni da Bara'atu da shaiduna, da wasu tsofaffi biyu da suka ɗauki shari'ar tasu ce.

Da ya dawo, matar ta ce, "Malam, ka gane matsalarmu. In muka bar wannan, badi kowane mai sa ido zai riƙe aikin wani ya ce amana ce."

Na ce, "Na gane, Hajiya. Ku hukunta ni, ni na karya. Amma yaran nan shida ba wanda ya karya komai. Kuma ba za ni ce na yi nadama ba, don in an sake kawo mini gobe, za ni sake ɗorawa."

 

Injiniya ya ce a ba shugabar tawaga. "Bara'atu, baffanki ya nuna muku wani abu daga aikin Isa? Ko ya taimaka muku a naku?"

Ta karɓi wayar ba ta dube ni ba. Ta ce, "Yallaɓai, wanga mutum? Ranar Juma'a ya tsaya bayanmu, ya ga wani abu a aikinmu, na ga fuskarsa a gilashin kwamfuta. Ya fita ya hau tsani ya goge sola har la'asar don kada bakinsa ya suɓuce. Har yau bai faɗa muna ko mine ne ba. Wanda ya hana ɗiyar yayansa kalma ɗaya, shi za shi buɗe muna aikin wasu? Ni fushi nike da shi, ko gaishe shi ba ni yi. Amma bai buɗe ba. In kuma za ku kore mu, ku zo nan bisa tudun ga ku faɗa muna, ku ga inda munka ɗora shi."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.  Sai Injiniya ya ce za su sanar da mu.

Ashe ta gani. Duk kwanakin nan ta sani.

A hanyar dawowa ma nesa da ni ta bi.

Alhamis, bayan la'asar

Hukunci ya fito. Za a duba ayyukan biyu kamar na kowa. Ni kuma an cire sunana daga masu sa ido, ba za a sake karɓa ta ba. Sun ce za su gyara dokar saboda wuraren da ba sabis.

Na karanta sashen da ya shafe ni sau da yawa. Ya yi mini zafi fiye da yadda na zata. Wannan ne karo na farko da aka taɓa sa sunana a wani abu da ya wuce makulli.

Ba komai. Yara sun shiga.

Litinin, bayan azahar

Isa ta ci.

Litinin, bayan magariba

Usmanu ne ya kawo labarin daga tudu. Ɗan Aike manhaja ce da ke ɗaukar saƙo daga waya zuwa waya idan an matso kusa, ba tare da sabis ba, har direba ko ɗan kasuwa ya kai shi wani gari a aljihunsa. Wani yaro Talha, ɗan garin Tozai, shi ne shugabansu. Alƙalai sun yaba namu, sun ce muryar ta yi daɗi. Wuri dai ɗaya ne.

Abin da suka yi ya fi namu. Na faɗa wa kaina haka, kuma gaskiya ne, kuma bai rage komai ba.

Bara'atu ta shiga ɗaki. Ruƙayyatu ta kawo mini tuwo da kanta, ta ajiye, ta tsaya. Na jira ta ƙarasa maganar ranar nan. Ta ce, "Ci tun da zafi."

Laraba, da hantsi

Bara'atu ba ta zo makaranta ba.

Na yi wa Yaya alkawari a kanta tun tana goyo, ranar da ba wanda ya san za a buƙaci alkawarin. Iyakar abin da za ni rubuta ke nan.

Juma'a, bayan sallar Juma'a

Malama Saudatu ta aiko Usmanu da kilishi da godiya. Na raba wa Hafizullahi da Sadiƙa. Na mayar mata da memorinta a cikin fatarsa, na ɗinke da kaina. Ɗinkina bai kai na baduku ba.

Asabar, bayan la'asar

Ina share ɗakin kwamfuta Bara'atu ta shigo. Ba sallama mai ƙarfi, amma ta yi. Ta kunna kwamfutar da ke kusa da taga, ta buɗe aikinsu.

Ta ce, "Gasa ta ƙare, kuma an kore ka. Yanzu doka ba ta hana ka ba. Mi ka gani ranar nan?"

Na ajiye tsintsiya. Na nuna mata wurin da yatsa, sashen nan da aka rubuta sau biyu. Na ce, "Ga shi. Kun maimaita. Na yi ta tunanin ko shi ya kayar da ku."

Ta dubi allon. Ta dube ni. Sai ta fashe da dariya, irin wadda ban ji ba tun kafin damina ta yi nisa, har ta kifa kai a kan tebur.

"Baffa! Wanga ba kuskure ba ne. Da gangan munka yi. Inna ba ta amsa kiran farko, sai an sake. Duk tsofaffi haka suke."

Na tsaya kamar an dasa ni. Har la'asar a kan tsani. Makonni ina juyi da shi a raina.

Ta share ido da gefen hijabi. Ta ce, "Amma fa ban yafe ba tukuna."

Na ce, "Ban roƙa ba."

Ta gyara zama, ta jawo allon rubutu. "To matsa, kana tare mini haske. Kuma in Usmanu za shi Isa, ka ce ya tambayo Talha yadda sunka sa waya ta gane waya. Akwai saƙon da nike son aikawa, ban san ko ina za shi iske mai shi ba."

Ban tambaye ta ko wane ne ba. Na matsa daga taga.